Burtalin Bappayo

Filin wasan kwalejinmu ta Gashuwa yana da ƙofofi huɗu. Biyu na mutane ne. Sauran biyun, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, suna kallon juna, kuma faɗinsu ya sa baƙo yakan ɗauka don motoci aka yi su. Na shanu ne. Mabuɗinsu yana rataye a wuyan wani Bafulatani mai suna Bappayo, a igiya ɗaya da layarsa.

Na fara ganinsa a 1980, shekarar da aka buɗe kwalejin. Na dawo ke nan daga karatu a ƙasar waje, aka turo ni koyar da labarin ƙasa. Ɗalibanmu arba'in da bakwai ne, azuzuwa uku na aro, allo ɗaya mai ƙafa da muke yawo da shi. Duk da haka mutanen gari Jami'a suke kiranmu, rabi wasa rabi fata. Gwamnati ta ba mu fili a bayan gari, masu awo suka zo daga Maiduguri suka kakkafa turaku suka koma.

Washegari muna zaune da shugaban kwalejin, Malam Zarami, sai ga wani dogon mutum siriri da malafa, ya yi sallama, ya sauke damin turaku a gaban tebur.

"Na tsinci kayanku a kan hanyata," in ji shi. "Na ce kada shanu su karya muku."

Malam Zarami Babarbare ne, kuma mutum ne mai saurin fushi. Ya miƙe zai yi faɗa, sai ya lura da sandar da ke kafaɗar baƙon da goran ruwansa. Ya koma ya zauna.

"Ashe bawana ne. Kai Bafillace, wa ya koya maka tuge alamar gwamnati?"

"Babarbare, tun kakanka yana yi wa kakana dakon gishiri shanunmu suke bin nan zuwa kogi. Gwamnatin ta tambayi shanun?"

Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawa, kuma ba a fushi. Da wannan wasan suka yi magana mai nauyi a ranar. Rugar Bappayo tana arewa da filinmu, kogi da fadama suna kudu, burtalin shanunsa kuwa ya ratsa tsakiyar inda aka auna mana. A rugar aka haife shi, a nan kuma aka binne mahaifinsa, Bobboi, gindin wata aduwa. Malam Zarami ya yi alkawari za a bar masa hanya mai faɗin taku talatin, ba za a yi gini a kai ba. Suka yi musafaha. Ba wanda ya rubuta komai.

Shekara ta zagayo muka koma sababbin gine-gine, aka kawo mana malamin wasanni, Mista Lanre, mutumin Ogbomosho wanda ya girma a Jos. Abin da ya fara nema filin ƙwallo ne. Ya yi mako guda yana zagaya harabar, kullum yana dawowa da wandonsa cike da ƙarangiya. Ko'ina ita ce, ga shi yawancin ɗalibanmu ba da takalmi suke wasa ba.

Bappayo ya same shi a gindin bishiya yana cirar ƙaya, ya ce ya biyo shi. Ya kai shi wani wuri a kan burtalin inda hanyar ta buɗe, tsohon masheƙari, inda shanu suka saba tsayawa su huta kafin su gangara kogi. Ƙasar a shimfiɗe take, ciyawar ƙiri-ƙiri ta rufe ta kamar an shimfiɗa tabarma. Lanre ya cire takalmi ya taka, ya yi gudu har ƙarshe ya dawo, bai taka ƙaya ko ɗaya ba.

"Baba, wannan wuri na waye?"

"Na shanu ne. Amma ba su da rowa."

Haka filin wasanmu ya samu, da sharaɗi ɗaya: shanu za su wuce safe da yamma. Na safe bai dami kowa ba, muna aji. Na yamma kuwa yakan faɗo tsakiyar wasa. Wajen ƙarfe biyar sai a hango ƙahonni daga kudu, Lanre ya busa usur sau uku, mai tsaron gida ya rungume ƙwallo, 'yan wasa su koma gefe. Shanu su shigo ba gaggawa, suna tafe suna tsinkar ciyawa, Bappayo a baya yana gaisawa da 'yan kallo. In sun fice, ɗalibai biyu su kwashe abin da suka bari da shebur, a ci gaba. Muka sa masa suna hutun shanu. 'Yan wasanmu sun san lokacinsa, har sukan adana ƙarfinsu don bayansa. Wata ƙungiya daga Nguru da muka ci biyu da nema ta kai ƙara a rubuce cewa mun haɗa baki da dabbobi.

Kwalejin ta yi ta girma. Aka gina ɗakin karatu, littattafansa na farko a jirgin ƙasa suka zo Nguru, muka kwaso su a motar kifi, shi ya sa suka yi shekara suna ƙamshin banda. Aka yi ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, aka yi masallaci, Kiristoci suka samu aji guda na ranar Lahadi. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga Dapchi da Karasuwa da Katuzu, har da 'ya'yan ma'aikatan jirgin ƙasa. Da aka buɗe ɗakin kwanan mata, Gogo matar Bappayo ta kafa ƙwaryar fura da nono a bakin ƙofarsu, ta zama ita ce mai sanin wa ke neman wa kafin iyaye su sani. Kowane sabon gini ya taso sai ya kauce wa burtalin. In ka hau tankin ruwa ka duba, sai ka ga harabar ta rabu biyu kamar kitso.

Farin 1984 ya kashe wa Bappayo rabin garkensa. Malam Zarami ya buɗe masa rijiyar burtsatsen kwaleji, yana cewa ba don Allah ya yi ba, don kada bawansa ya gudu ne. Da aka buɗe sashen aikin gona, malaminsu ya riƙa kai ɗalibai rugar. Bappayo yakan dubi kunnen saniya da yadda take tuƙa ya faɗi ciwonta, su kuma su buɗe littafi su tarar haka ne. Ɗalibai suka sa masa Farfesa. Bai san ma'anar ba, da aka gaya masa ya ce ba laifi.

A 1987 ɗalibanmu sun wuce dubu. A shekarar ce Perpetua, 'yar wani ma'aikacin tashar jirgin Nguru, ta ci tseren mita ɗari huɗu a Maiduguri, ƙungiyar ƙwallonmu kuma ta zo ta biyu. Sai ga takarda: mu za mu karɓi baƙuncin gasar kwalejoji a watan Nuwamba na shekara mai zuwa. A daidai lokacin kuma wasu malamai za su zo daga jami'ar da muke ƙarƙashinta su duba ko mun isa fara darussan digiri.

Aka kafa kwamiti, aka ba ni sakatare. A zama na biyu aka kawo maganar shinge. Ni ne na ce a duk inda na yi karatu ban taɓa ganin filin wasan da shanu ke ratsawa ba. Gaskiya na faɗa, kuma kowa ya gyaɗa kai. Lanre ya ce in an kewaye filin ciyawar za ta huta ta ƙara kyau. Aka yanke shawara a ja waya, a sayo injin yankan ciyawa. Filin ya cika faɗin burtalin, gine-gine sun tokare shi gabas da yamma, saboda haka rufe shi rufe hanyar ne gaba ɗaya. Dukanmu mun san haka. Malam Zarami ya sa hannu, ya ce ni zan je in gaya wa Bappayo.

Na same shi da hantsi yana ɗaure maruƙa. Ya saurare ni har na gama.

"Babarbaren kunya ya ji ya aiko ka?"

"Aiki ne ya yi masa yawa, Baffa."

"Haka ne. A da, da baki muka yi magana ni da shi. Yanzu ya samu takarda." Ya ja igiyar wani maraƙi ya gyara. "To, Malam, wa zai ci muku ciyawar?"

"An sayo inji."

"Injin ya san ƙarangiya?"

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake yi.

Aka gama shinge a watan Mayu, kafin ruwan farko. Daga ranar shanun Bappayo sai sun zagaya ta bayan ɗakunan kwanan maza, su bi gefen titin mota, su ratsa tsakanin gonakin Badawa, mutanen yankin, kafin su kai kogi. Tafiyar rabin sa'a ta koma sa'a biyu. Da shuka ta fito, kullum cikin ba da haƙuri yake. Wata babbar mota ta buge masa karsana. Shanun suka rame a tsakiyar damina, lokacin da na kowa ke ƙiba, nonon Gogo ya ragu har ta daina zuwa ranar Laraba da Asabar. Ita ce ta gaya mini cewa ya aika wa ɗan'uwansa a wajen Dapchi ya nema masa wurin zama, in an yi girbi za su tashi.

"Ya bar kabarin babansa?"

"Shanu ba kabari suke ci ba, Malam," in ji ta, ta ci gaba da dama furarta.

Ɗalibai suka tafi dogon hutu a watan Yuli. Injin ya yi aiki sau biyu, wani ƙarfe ya karye a cikinsa, aka aika Kano neman irinsa. Ba mu damu ba, don in ka hango filin ta cikin waya sai ka ji daɗi. Bai taɓa yin kore haka ba.

Aka dawo a watan Oktoba, saura mako uku gasa. Lanre ya buɗe ƙofa da kansa don atisayen farko. Yanzu 'yan wasanmu suna da takalma, saboda haka a mintin farko abin bai wuce sosa ƙafa ba. Sai aka bugo ƙwallo, mai tsaron gida, wani ƙato ɗan Katuzu mai suna Dunoma, ya yi tsalle ya faɗi da cikinsa. Bai tashi ba. Da muka je, ya ce kada kowa ya taɓa shi. Daga wuya zuwa gwiwa ƙarangiya ce ta lulluɓe shi, sai da abokansa huɗu suka yi sa'a guda suna cira.

Malamin aikin gona ya durƙusa ya duba, ya yi mana bayanin da Bappayo ya riga ya yi mini da tambaya ɗaya. Iska da ƙafafun mutane suna kawo irin ƙarangiya filin kowace shekara. Tana da daɗi a bakin shanu tun tana ɗanya, saboda haka kullum suna cinye ta kafin ta yi kai, ƙiri-ƙiri kuwa tana kwance a ƙasa, taki yana ƙara mata ƙarfi. Mun hana shanu shiga damina guda, ita kuma ta yi 'ya'ya yadda take so.

Aka gwada tsinta da hannu. Ɗalibai ɗari biyu suka yi yini guda, ba su gama gaban raga ɗaya ba, asibitin kwaleji ya cika da masu kumburin yatsu. Wani ya ce a sa wuta, malamin gona ya ce sai dai baƙi su yi wasa a kan toka. Wani ya ce a sa fartanya, aka ce to sai a yi a kan rairayi. A zama na gaba ba wanda ya kawo shawara. Malam Zarami ya dube ni.

"Ka koma wajensa."

"Ranka ya daɗe, wancan karon ma sai da ya tambaye ka."

Ya ɗauki hularsa.

Muka tarar da Bappayo a gindin aduwa bayan la'asar, yana tufkar igiya. Ya shimfiɗa mana buzu, ya sa aka kawo nono. Labari ya riga mu isowa, amma sai da ya bari Malam Zarami ya faɗa da bakinsa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Na ji an ce akwai littafi dubu biyar a gidan nan naka. Ba na ƙarangiya a ciki?"

"Bafillace, ban zo wasa ba."

"Ni ma wata biyar ke nan ba wasa nake yi ba. Karsanata tana gefen titi, ungulu sun gama da ita."

Malam Zarami ya sunkuyar da kai. Na yi shekara takwas tare da shi, ban taɓa ganin haka ba.

"Na yi maka alkawari na saɓa," in ji shi. "Ban kyauta ba."

Bappayo ya ɗan daɗe yana murza igiyar a cinyarsa.

"Bawa in ya amsa laifinsa ba a dukansa. Amma ka sani, shanu ba za su ci ta yanzu ba, ta yi ƙaya. Sai an kwashe ƙayar tukuna. Ka nemo mini buhunan algarara tsofaffi, masu yawa, da gungumen goruba biyu."

"Me kuma kake so?"

"Hanyata. Ƙofa a arewa, ƙofa a kudu, mabuɗi a hannuna. Wannan karon Malam ya rubuta, tunda ku takarda kuke jin tsoro."

A nan kan buzu na rubuta, a bayan takardar ajandar kwamiti. Malam Zarami ya sa hannu, Bappayo ya dangwala yatsa da tawadar alƙalamina.

Buhunan kuwa, Perpetua ce ta samo su. Mahaifinta ya san wani ɗan kasuwa kusa da tashar Nguru da ke da tsohon sito cike da buhunan gyaɗa tun lokacin da gyaɗa take gyaɗa, ɓeraye sun huda su ba mai so. Motar kwaleji ta yi sawu biyu. Aka yanke wayar a wuri biyu. Bappayo ya naɗe gungumen goruba da buhuna, ya bar wasu suna ja a baya, ya ɗaura wa takarkarai biyu. Suka bi filin daga wannan raga zuwa waccan. Duk inda buhu ya goga, ƙaya ta manne masa, har ya yi kauri kamar bayan bushiya. In ya cika sai ɗalibai su kwance shi da sanda su kai waje a ƙone, a naɗa wani. Lanre yana gaba yana nuna layi da tuta, Bappayo yana yi masa tsawa cewa ya kauce, takarkari ya fi shi sanin miƙaƙƙiyar hanya.

Kwana shida aka yi ana ja, a tsaye da a kwance. A na bakwai Bappayo ya kawo garken duka ya bar su a ciki yini uku, suka cinye karan da ya rage, ƙiri-ƙiri ta bayyana a ƙarƙashi. Sannan ya ce a kira masa Dunoma.

"Cire riga ka faɗi."

Dunoma ya dubi Lanre, ya dubi ƙasa, ya yi bisimilla ya faɗi. Ya mirgina sau biyu ya tashi. Ƙaya uku aka samu a bayansa. Bappayo ya ce a ƙara ja ɗaya.

An yi gasar kwana huɗu. Perpetua ta sake cin tserenta, muka zo na uku a jimilla. A wasan ƙarshe na ƙwallo muna kunnen doki da wata kwaleji, ƙarfe biyar ta yi, sai ga ƙahonni a ƙofar kudu. Alƙalin wasan baƙo ne, ya tsaya yana kallo, Lanre ya ruga ya yi masa raɗa. Ya busa usur sau uku. Shanu suka shigo, ɗalibanmu suka miƙe suna tafi suna kiran Farfesa, shi kuwa ya ɗaga sanda kamar wanda ya saba. An ci mu ɗaya bayan hutun, amma a garin ba wanda yake tuna wannan.

Malaman da suka zo daga jami'a suna cikin rumfar baƙi. Shugabansu, wani dattijo masanin aikin gona, ya tambayi Malam Zarami ko wannan tsari ne ko kuwa haɗari. Malam Zarami ya ce tsari ne, rubutacce ma. A rahotonsu sun ce ɗakin karatunmu yana bukatar ƙarin littattafai, ɗakin kimiyya yana bukatar ruwa, filin wasa kuwa ba su ga kamarsa a yankin ba. Aka ba mu izinin fara digiri a sassa biyu a 1989.

Bappayo bai tashi ba. Ya aika wa ɗan'uwansa na Dapchi da goro da ban haƙuri. Ƙarfen injin ya iso daga Kano bayan wata bakwai, injin yana nan a sito ba a sake tayar da shi ba. Takardar kuwa Bappayo ya sa baduku ya ɗinke ta cikin fata, ita ce laya ta biyu da ke wuyansa kusa da mabuɗin. Ranar da Malam Zarami zai bar aiki ya ce a kawo ta a yi mata kwafi don ofis. Bappayo ya dafe ƙirji ya ce Babarbare ya taɓa karɓe masa hanya sau ɗaya, in ofis yana son karantawa ya zo ruga.